FILIN DIREBOBI DA KANIKAWA: Kada A Yi Gaggawar Sauke Giyabos

Daga cikin maganganun da ke tayar wa mai mota hankali a gareji, da wuya a sami wadda ta kai a ce bakanike ya leƙa ƙarƙashin mota, ya miƙe, ya kaɗe hannu, ya ce, "Oga, sai an sauke giyabos." Gama duk wanda ya taɓa riƙe mota ya san abin da ke biye da wannan magana, watau kwana biyu ko uku mota tana jingine a kan itace, ga kuɗin aiki, ga kuɗin kaya, sa'an nan ga zullumin ko abin da aka kwance zai koma yadda masu ƙira suka ɗaura shi tun farko. In kuwa motar haya ce, to, abin ya fi haka nauyi, domin mai mota yana jiran balas, uwargida tana jiran cefane, kuma fasinjan da direba ya saba ɗauka ba zai tsaya jiransa a tasha ba.

Abin da ya kamata masu karatu su sani shi ne, ƙarar da mota ke yi sa'ad da aka saki kuloci, da gardamar shiga giya, da zamewa a kan hawa, kowannensu yana da dalilai masu yawa, kuma da dama daga cikinsu ana gyara su ba tare da an taɓa ko noti ɗaya na giyabos ba. Mota tana faɗin inda ke yi mata ciwo, sai dai ba kowa ke da haƙurin saurarenta ba.

Kafin a kai ga alamu, ya kyautu a tuna yadda abin yake aiki. A bayan inji akwai wani ƙaton faifan ƙarfe mai nauyi da ake kira fulawil, wanda ke juyawa muddin inji yana aiki. A jikinsa an ɗaure wani murfi mai sifirin mai ƙarfin gaske, tsakanin murfin da fulawil kuwa an matse wani faifai mai fata gaba da baya, kwatankwacin fatar birki, wanda kanikawa ke kira filet. Cibiyar filet tana da haƙora, tana zaune a kan sandar da ta shiga cikin giyabos, ta yadda in filet ya juya, tilas sandar ta juya. Sa'ad da ƙafar direba ba ta kan feda, sifirin yana matse da filet a jikin fulawil, inji da giyabos suna juyawa tamkar abu guda. Da ya taka, sai wani cokali mai yatsu biyu ya tura boris, boris ya danna yatsun sifirin, murfi ya saki filet, inji ya yi ta juyawa shi kaɗai, direba ya sami damar sauya giya. A kewayen cibiyar filet kuma an jera waɗansu ƙananan sifirin, aikinsu su shanye bugun inji kada ya isa ga haƙoran giya da ƙarfinsa.

Saƙon ƙafar direba yana isa ga cokalin nan ta hanya biyu. A waɗansu motoci kebur ne ke ja, kamar Volkswagen Beetle wadda aka fara harhaɗawa a Ojo ta Legas a 1975. A waɗansu kuwa mai ne ke turawa, daga masta ta sama wadda ke bayan feda, ta cikin siririn bututu, zuwa masta ta ƙasa wadda ke jikin giyabos. Haka abin yake a Peugeot 504, wadda direbobi ke kira Fijo, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, haka kuma a Toyota Hiace da Hilux. Sanin wannan bambanci yana da amfani, domin kebur da masta duk a waje suke, ana iya dubawa a kuma gyara su mota tana tsaye a kan tayoyinta.

A ɗauki misalin direban bas ƙirar Hiace mai jigilar kayan gwari da fasinja tsakanin Mil 12 ta Legas da Sabo ta Ibadan, irin abin da ke faruwa kusan kullum a garejin kowane gari. Motarsa ta fara wata ƙara, duk sa'ad da ya sa lamba ɗaya ya ɗaga ƙafa sai ya ji gwaf a ƙarƙashinsa, in ya sa ribas ma haka, in yana tafe ya saki totur ya sake takawa, sai ƙarar ta dawo. Bakanike na farko bai ko shiga motar ba, ya ce kuloci ne, in ma ba a yi sa'a ba giyabos ya tafi. Direba ya lissafa abin da aka yanka masa, ya ga ya cinye aikin makonni, sai ya ce bari ya nemi ra'ayin wani dattijon bakanike da ke can ƙarshen layi.

Dattijon bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambaya. Ya ce, "Samari, tana zamewa in ka yi lodi?"

Direba ya ce, "A'a Baba, tana ja yadda ta saba."

"Giya tana yi maka gardama, ko tana kuka in za ta shiga?"

"Ko kaɗan. Ƙarar nan ce kawai, sai kuma wata 'yar rawa da nake ji a kujera in na ɗan ba ta wuta a kan babban titi."

Dattijo ya ce, "To, kulocinka bai yi laifin kome ba tukuna. Sa mata duwatsu a tayoyi, ka sa ta a firi, ka kashe inji, ka zo ka gani da idonka."

Suka shiga ƙarƙashi. Dattijon ya kama farfela, watau doguwar sandar da ke kai ƙarfin giyabos zuwa aksil na baya, ya murɗa ta hagu da dama da hannu. Gaɓar gaba, inda kuros yake, ta yi wasa har ana jin ƙwas-ƙwas. A bakin kofunan kuros ɗin kuwa ga wani jan gari kamar garin tsatsa, alamar giris ya ƙare tun tuni, ƙananan alluran da ke ciki sun niƙe. Aka sauya kuros, aka sauya robar da giyabos ke zaune a kai domin ita ma ta tsage, kafin la'asar mota ta koma tasha, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na farko ba. Da an sauke giyabos an sa sabon kuloci, da ƙarar tana nan daram, da kuma direban ya ci gaba da gudu da matacciyar gaɓa. Wannan kuwa ba ƙaramin haɗari ba ne, domin in kuros na gaba ya balle mota tana cikin gudu, kan farfela yakan faɗi ya caki kwalta, ya ɗaga bayan mota sama da mutanen da ke cikinta.

Tambayoyin nan biyu na dattijon su ne mafarin binciken kuloci, gama manyan laifuffukan kuloci su ne ya ƙi kamawa, ko ya ƙi saki, ko ya kama da rawa.

Wanda ya ƙi kamawa shi ake cewa yana zamewa. Direba zai ji inji yana ihu amma mota ba ta ƙara sauri, musamman a babbar giya, ko a kan hawa da lodi, wani lokaci har da wari irin na ƙonewar fatar birki. Gwajinsa mai sauƙi ne. A sami miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, a sa lamba huɗu mota tana tafiya a hankali, a taka totur har ƙasa. In kuloci lafiyayye ne, ƙarar inji da saurin mota za su tashi tare sannu a hankali. In ƙarar inji ta yi tsalle ta bar mota a baya, to, filet yana zamewa. Akwai kuma gwajin tsaye, inda ake jan birkin hannu, a sa lamba uku ko huɗu, a ɗan taka totur, a saki kuloci a hankali. Inji ya kamata ya mutu nan take. In ya ci gaba da aiki alhali ƙafa ta bar feda, magana ta ƙare. Amma fa wannan gwaji sau ɗaya ake yinsa, kuma a fili inda babu kowa a gaban mota, domin shi kansa yana cin fata.

Ko da an tabbatar yana zamewa, akwai abin dubawa kafin a kira masu sauke giyabos. A motar kebur, in an ɗaure kebur ya yi tsauri har feda ba ta da ɗan wasa a sama, to, boris yana danne da sifirin kullum, kamar dai direba ya ɗora ƙafa bai ɗauke ba. A Beetle wasan da ake bukata a kan feda milimita 10 zuwa 20 ne, kuma da notin nan mai fukafukai da ke ƙarshen kebur ake daidaita shi, ba a ko bukatar sifana. A motar masta kuwa, in sandar da ke tsakanin feda da masta ta sama ta yi tsawo fiye da kima, mai ba ya samun hanyar komawa kofinsa, sai ya riƙe kuloci a rabin saki, abin kuma ya fi tsananta in inji ya yi zafi. In waɗannan duk daidai suke, to, ko dai fata ta cinye har ƙusoshinta sun fito, ko sifirin ya gaji, ko kuwa baƙin mai ya tsiyayo daga silin bayan inji ya jiƙa filet. Mai hankali zai leƙa ƙasan inda inji da giyabos suka haɗu. In wurin yana ɗigar mai, ya san cewa sabon filet ma ba zai daɗe ba sai an sauya silin.

Wanda ya ƙi saki kuwa, alamarsa gardamar giya. A nan ne ake yawan yi wa giyabos ƙazafi, alhali rarrabewa ba ta da wuya. A kashe inji, a taka kuloci, a zagaya da sandar giya daga lamba ɗaya har ribas. In ko'ina tana shiga sumul, sa'an nan aka tayar da inji ta fara gardama a kowace giya, to, giyabos lafiya yake, kuloci ne bai rabu da fulawil sosai ba. Ribas ita ce babbar mai ba da shaida, domin a yawancin tsofaffin motoci ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora kamar sauran giyoyi. A taka feda har ƙasa, a ƙirga ɗaya zuwa biyar, a sa ribas a hankali. In har yanzu ta yi ƙurrr, sandar giyabos tana juyawa ke nan, kuloci yana jan ta. Amma in giya ɗaya tak ce ke kuka, a ce lamba biyu, sauran kuwa lafiya lau, wannan kam zoben giyar ne ya cinye, kuma sabon kuloci ba zai yi maganinsa ba.

In an gane kuloci ne bai saki ba, a fara da kofin mai. In ya yi ƙasa, mai yana fita ta wani wuri. A shafa hannu a bayan feda, a duba darduma, gama masta ta sama in robarta ta mutu cikin mota take zubarwa, har takan ɓata wa direba takalmi bai san dalili ba. A janye robar bakin masta ta ƙasa a ga ko mai ya taru a ciki. A buga feda sau huɗu ko biyar da sauri, in giya ta shiga bayan haka, iska ce ta shiga layin, ko roba ta fara sakin mai. In kuma aka taka feda aka riƙe cikin giya, bayan ɗan lokaci mota ta fara rarrafe da kanta, masta ta sama tana zubarwa ta ciki. Duk waɗannan aikin sa'a ɗaya ko biyu ne. Abu ɗaya da za a ja kunne a kansa shi ne irin man da ake zubawa. Man birki ake sawa, mai lamba DOT 3 ko DOT 4 gwargwadon abin da aka rubuta a murfin kofi. Wanda ya zuba baƙin mai ko man sitiyari don ya rasa na birki a hanya, ya kashe robobin layin gaba ɗaya, za su kumbura su lalace cikin kwanaki kaɗan.

Akwai kuma motar da aka ajiye ta yi watanni, musamman da damina a garuruwan kudu masu laima, ko wadda aka ratsa ambaliya da ita aka kulle a gareji. Irin wannan filet yakan yi tsatsa ya manne da fulawil, feda tana tafiya daidai amma giya ba ta shiga sam. Gwanin bakanike yakan ɓamɓare shi ba tare da ya kwance kome ba.

Rawa ita ce ta uku, watau mota ta riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi a daidai lokacin da kuloci ya fara kamawa. Mai a jikin fata yana kawo haka, tabon ƙuna a fuskar fulawil ma yana kawowa, amma sau da yawa robobin da inji ke zaune a kai ne suka mutu, waɗanda kanikawa ke kira injin-sit. Masu Beetle, in har akwai sauransu cikin masu karatu, su tuna cewa bututun roba da kebur ke bi kusa da giyabos dole ya kasance da ɗan lanƙwasa, kamar inci ɗaya ko fiye kaɗan. In aka miƙar da shi sak, mota za ta yi ta tsalle wajen tashi ko da kulocinta sabo ne fil.

Sai batun ƙara, wadda ita ce ta fi rikita mutane. Ƙa'idar ita ce a lura da inda ƙafa take sa'ad da ƙarar ta zo. A tsayar da mota a wuri marar hayaniya, inji yana silo, giya a firi, ƙafa ba ta kan feda. In ana jin gurnani, da aka taka feda har ƙasa kuma ya ɗauke, to, daga cikin giyabos yake, domin taka feda ya tsayar da sandarsa. Mai yiwuwa boris ɗin sandar ne, mai yiwuwa kuma man giya ne ya yi ƙasa, saboda haka a fara buɗe notin gefe a duba mai. In kuwa shiru ake ji, sai da ƙafa ta fara danna feda aka ji ƙiii ko shuuu, boris ɗin kuloci ne ya bushe. In ƙarar ba ta zuwa sai feda ta kai ƙasa sosai, musamman cikin giya, ana zargin ɗan ƙaramin boris ko bushi da ke tsakiyar fulawil, inda kan sandar giyabos ke hutawa, a motocin da ke da shi. In kuma feda tana ƙiƙi-ƙiƙi ko inji a kashe, ɗigon mai a gindinta ko ɗan giris a mazaunin cokali ya wadatar.

Akwai wata alama da ba kowa ke kula da ita ba. In aka taka kuloci sai silo ya faɗi ƙwarai kamar inji zai mutu, a sa wani ya dubi fulin gaban inji daga gefe. In fulin yana matsawa gaba da baya tare da feda har ido yana gani, ciwon yana cikin inji ne, ƙarafan da ke hana kuranshaf zamewa sun cinye, kuma jinkiri a kan wannan yakan ci injin ɗungum.

Ita kuwa gwaf ɗin nan guda ɗaya mai nauyi, wadda ke zuwa wajen tashi, ko wajen sauya giya, ko sa'ad da aka saki totur aka sake takawa, ma'anarta akwai wasa a wani wuri tsakanin inji da taya, ƙarfe yana tafiya cikin sarari kafin ya bugi ɗan'uwansa. Kuloci shi ne mai sakin ƙarfin, shi ya sa ake ɗora masa laifi, amma galibi mai laifin yana gabansa ko bayansa. A fara da injin-sit. A buɗe bonet, a ja birkin hannu, a sa duwatsu a tayoyi, mai dubawa ya tsaya a gefe, kada ya kuskura ya tsaya a gaba ko a baya. Direba ya sa lamba ɗaya ya ɗaga ƙafa kaɗan har inji ya ji nauyi, ya taka, ya sa ribas ya sake yin haka. Inji lafiyayye zai ɗan karkata ne kawai. In ya yi tsalle ya dawo da bugu, roba ta rabu da ƙarfenta. Sandar giya mai zabura gaba da baya a hannu in an taka totur ita ma shaida ce, haka salansa mai bugun jikin mota.

A motocin da ke ja da tayoyin baya, sai a bi farfela kamar yadda dattijon nan ya yi, a duba kowane kuros, da boris ɗin tsakiya mai roba, da notocin da suka haɗa ta da aksil. In duk waɗannan ƙalau suke, amma farfela tana juyawa da yawa a hannu kafin tayoyi su amsa, wasan yana cikin haƙoran aksil, sai a duba mansa a kuma saurara ko yana kuwwa a kan gudu. Masu Fijo 504 ba su da wannan sauƙin, domin galibinsu farfela a cikin bututu take, ido ba ya ganinta, sai a ɗaga tayar baya a juya ta da hannu mota tana cikin giya, a saurari inda bugun ke fitowa.

A motocin da ke ja da tayoyin gaba kuwa, irin su Golf da Corolla da suka cika tashoshin ƙasar nan, shaf ne abin zargi. Gaɓar waje in ta mutu takan yi ƙas-ƙas-ƙas sa'ad da aka karya sitiyari har ƙarshe ana tafiya a hankali. Gaɓar ciki ita ce mai gwaf wajen taka totur da sakinsa, da rawa in ana ƙara wuta. Kusan kullum mafarin ciwon ɗaya ne, robar da ta rufe gaɓar ta yage, giris ya fantsama, yashi ya shiga. Direban da ke leƙa bayan tayoyinsa ko sau ɗaya a mako zai ga baƙin giris ɗin tun gaɓa ba ta mutu ba, ya tsira da kuɗin roba kaɗai.

Wata ƙarar ma ba ta da dangantaka da ƙarfin inji ko kaɗan. A gwada ta haka: a bi ta kan 'yan ramuka a hankali, kuloci a take. In ƙarar tana nan, to, ta ƙafafun mota ce, boljoyin ko tayarod ko bushi ko shokozoba. Kada kuma a raina notocin taya. An sha kai mota gareji da sunan giyabos, ashe mai faci ne bai ɗaure su ba.

Sai in an wanke duk waɗannan ne za a koma ga ƙarar da ke cikin kuloci da gaske. Ƙananan sifirin na cibiyar filet sukan karye ko su yi sako-sako, su kawo bugu wajen tashi da kacau-kacau a silo, wani lokaci ma gutsuren ya faɗa tsakanin filet da murfi ya hana giya shiga farat ɗaya. Notocin fulawil in ba a ɗaure su da ma'auni ba sukan kwance, su ba da bugu mai nauyi kamar inji ya ƙwanƙwasa. Har ila yau, tun daga 1985 masu ƙira suka fara sa wa waɗansu motoci fulawil mai ɓari biyu da sifirin a tsakaninsu, kuma ya yawaita ƙwarai a motocin dizil da ƙananan motocin Turai na baya-bayan nan da ake shigowa da su na hannu. Irin wannan in ya gaji yakan yi bugu a lokacin tayar da inji da lokacin kashe shi. Waɗansu kanikawa sukan yi masa walda su mai da shi guda don sauƙin kuɗi. Ƙarar takan ɗauke na ɗan lokaci, amma bugun da yake shanyewa sai ya koma kan haƙoran giya da kuranshaf, kuma da wuya walda ta bar shi a daidai nauyinsa ta kowane gefe.

In dai bincike ya tabbatar sai an sauke, to, a yi aikin sau ɗaya. Filet da murfi da boris tare suka tsufa, tare ya kamata su tafi, domin kuɗin aikin saukewa ɗaya ne, kuma wanda ya bar tsohon boris don tsimi zai sake biyan wannan kuɗi ba da daɗewa ba. A duba silin bayan inji, da fuskar fulawil ko ta tsattsage ko ta yi shuɗin ƙuna, da cokali ko ya tsage. Mai mota ya tafi kasuwa da tsohon filet a hannu, ko Ladipo ce a Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Nkwo ta Nnewi, ya gwada faɗi, ya ƙirga haƙoran cibiya, gama kwali yakan yi ƙarya. Filet ɗin da aka buga wa sabuwar fata a bakin kasuwa yana da araha, kuma in mai bugawa gwani ne yakan yi aiki, sai dai sifirin ɗinsa da haƙoransa tsofaffi ne, wannan kuwa ba abin da za a ɗora wa motar da ke ɗaukar rayuka goma sha huɗu a doguwar hanya ba ne.

Wajen ɗaurawa ma akwai inda ake ɓata sabon kaya tun bai fara aiki ba. Filet yana da gaba da baya, galibi an rubuta gefen da ke kallon fulawil. Dole a daidaita shi a tsakiya da tsohuwar sandar giyabos kafin a ɗaure murfi, a kuma ɗaure notocin murfi kaɗan-kaɗan, wannan gefe sa'an nan kishiyarsa. Giris a haƙoran sanda shafawa kawai ake yi, in ya yi yawa zai fantsama a kan fata. Kada a bar nauyin giyabos ya rataya a kan filet, kada kuma a ja shi da noti in ya ƙi shiga, domin haka ke lanƙwasa cibiya, mota ta fito gareji da gardamar giyar da ba ta shiga da ita ba. Yaran gareji su daina hure ƙurar kuloci da baki ko da iskar famfo. Tsofaffin fatu da waɗansu masu araha suna ɗauke da asbesto, ƙurarsa kuwa tana kama huhu, ciwon ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kuma babu wanda ya kamata ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka ɗora a kan bulo na siminti, wanda ke fashewa ba tare da gargaɗi ba.

Shi ma direba yana da nasa kaso. Ɗora ƙafa a kan feda cikin tafiya, da riƙe mota da rabin kuloci a kan gada cikin cunkoson Legas maimakon a ja birkin hannu, da tashi da lamba biyu da cikakken lodi, da lodin da ya wuce ƙima a hawa irin na Hawan Kibo, su ne ke cinye fata kafin lokacinta. Masu sa mota a firi a gangare don tsimin fetur, sa'an nan su cusa giya su saki kuloci da ƙarfi a gindin tudu, su ne manyan abokan cinikin masu sayar da kuros da injin-sit, ban da kasadar da suke yi da birki. In batir ya mutu aka koma turi, a sa lamba biyu, gama lamba ɗaya tana fizgar kome da kome.

In kuma kebur ya tsinke ko mai ya tsiyaye a dajin da ba shi da kyau a kwana, akwai dabarar fita. A kashe inji, a sa lamba ɗaya, a tabbata gaba babu kowa, a murɗa makulli, mota za ta zabura ta tashi cikin giya in batir yana da ƙarfi. Daga nan a saki totur a zare giya zuwa firi, a jira ƙarar inji ta sauka, a tura ta biyu a hankali ba da ƙarfi ba, za ta faɗa da kanta in gudun ya daidaita. In za a tsaya, a zare zuwa firi a taka birki. Waɗansu sababbin motoci ba sa tashi sai an taka feda, to, a taka ta ko ba ta aiki. Da wannan direba zai iya lallaɓawa har gari mafi kusa, a can ya nemi kebur ko robar masta da kwalbar man birki.